Tekun da Ya Raba Ni da Aji

Sunana Garba Sani, mutumin Yauri, masunci ɗan masunci. Na haura shekara hamsin, kuma ban daɗe da iya riƙe biro ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni idan ya ga ina tafiya a hankali. Labarin wata kujera zan bayar, wadda na samu a ajin koyon karatu a Manchester, da yadda na je bakin teku na baro ta a can.

Birmingham na fara sauka. Wani injiniya ɗan ƙasarmu ne ya kawo ni in riƙa yi wa gidansa girki da shara da wankin mota. Shekara biyu ina kwana a wani ɗan ɗaki kusa da kicin, inda suke ajiye injin wanki. A duk faɗin garin hanya biyu na sani, ta masallaci da ta kasuwar kifi. Idan aka aike ni kasuwar nakan daɗe a tsaye ina kallon kifayen da ban san sunansu ba, kwance a kan ƙanƙara, har mai kifin ya tambaye ni ko saye zan yi ko gaisuwa na zo yi musu.

Da injiniya ya samu aiki a wata ƙasar Larabawa, sai ya kawo mini takarda ya ce ta sabunta zamana ce, ya nuna mini inda zan sa hannu. Na zana abin da na saba zanawa. Sati biyu bayan haka suka tashi, aka kulle gidan, na tsaya a bakin titi da jakata. Wata lauya a ofishin masu taimakon baƙi ce ta karanta mini takardar ta bakin tafinta. Abin da ke ciki shi ne ni da kaina na ajiye aiki, an riƙe ni da mutunci, ba ni da ƙorafi a kan kowa. Ta tambaye ni ko na karanta kafin in sa hannu. Na ce ban iya ba. Ita ta shigar da maganata gaban hukuma. Aka ba ni kati mai hotona da sunana, aka ce in jira hukunci, kuma kada in kuskura in yi aiki kafin nan. Yadda mutum zai ci abinci yana jira, wannan ba wanda ya gaya mini.

A ofishin nan na haɗu da Bitrus, wani mutumin Zonkwa da ke aikin wankin bas a Manchester. Ya ji ina magana da tafinta, ya matso ya ce, “Baba, ina kwana?” Rabona da in ji an gaishe ni haka kawai, ba don za a aike ni ba, har na manta. Shi ya tafi da ni Manchester, ya shimfiɗa mini katifa a ɗakinsa a Cheetham Hill. Shi yana zuwa coci ranar Lahadi, ni ina zuwa masallaci ranar Juma'a, tukunya ɗaya muke ci.

A masallacin aka haɗa ni da Alhaji Nasiru. Yana da babban sito a unguwar, yana shigo da kaya a kwantena yana sarar wa masu shaguna. Galibin kayansa na bakin teku ne: laima, bokitin yara, rigunan roba na shiga ruwa, da wasu dogayen falankai marasa nauyi da ban san amfaninsu ba. Ya san ba a yarda in yi aiki ba. Dalilin da ya sa ya ɗauke ni ke nan, don ya san ba ni da inda zan kai ƙara. Da ya ji ni masunci ne sai ya laƙaba mini Sarkin Ruwa. A gaban baƙinsa, likitoci da akantoci da ke biyowa su gaisa, sai ya ɗaga murya ya ce Sarkin Ruwa ya zo ya goge bayan gida. Su yi dariya, ni ma in yi murmushi in tafi in goge.

Shekarun nan ne gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kansil, wato hukumar gari, tana ta rufe wurare. Bitrus ya kai ni laburaren da aka ce ana koyar da manya karatu, muka tarar an daina. Muka je wani wurin, shi ma haka. Aji ɗaya ya rage a wajen Rusholme, a saman wani shago da ya mutu, kuma sai an rubuta sunan mutum ya jira. Wata goma sha huɗu na yi ina jira. Ranar da aka kira wayar Bitrus aka ce wuri ya samu, ya dafa shinkafa da kaza.

Kujera goma sha biyu ce a ajin, Talata da Alhamis, ƙarfe goma na safe. Malamarmu sunanta Joyce, dattijuwa ce, iyayenta daga Jamaika suka zo. Tun ranar farko ta gaya mana dokar, ta sa kowa ya ji da harshensa: wanda ya yi fashi sau uku a zango, an ba wani kujerarsa, sai fa in ya kawo takardar likita. Ta ce ba ita ta yi dokar ba, masu ba da kuɗin ajin ne, kuma mutanen da ke jira sun fi waɗanda ke zaune yawa. Kujerata tana kusa da taga. Sati bakwai na yi ban yi fashi ba, ban makara ba. Na san haruffa, na iya haɗa ƙananan kalmomi, na iya rubuta Garba Sani ba tare da na kalli katina ba. Alhaji bai so ba, domin safiya biyu a sati ba ya ganina. Yakan tambaye ni yaushe za a ba ni digiri, ya zo walima.

Wata Juma'a a cikin kaka, lokacin da ganye ke zuba, ya ce in shiga motar kaya mu kai wa wani mai shago falankai a Scarborough. Na ce ranka ya daɗe, ina da aji ranar Talata. Ya ce Lahadi muna gida, ko ba na son ganin teku ne, ni da nake Sarkin Ruwa? Gaskiya ina so. Shekara huɗu a ƙasar da aka ce ruwa ya zagaye ta, ban ga ruwan da ya wuce na kwata da na wata doguwar hanyar ruwa mai datti a Birmingham ba.

Mun yi kamar awa uku a hanya. Da muka hau wani tudu sai ga shi. Na nemi ɗaya gaɓar ban gani ba. A wurinmu duk faɗin kogin Kwara, ko da damina, idan ka zura ido za ka hango itatuwan can ƙetare. Wannan ba shi da ƙetare. Launinsa kamar na tukunyar ƙarfe, kuma ba gangara yake yi ba, tahowa yake yi yana faɗuwa, ya koma, ya sake tahowa. Da na gangara bakinsa, na ɗebo da hannu na kai baki na tofar.

Mai shagon sunansa Dave, wani dogo mai farin gemu. Shagonsa kwantena ce a kan tudu, a kudu da garin, a saman wani lungun teku da sai an gangara wata doguwar hanya mai santsi. Haya yake bayarwa ta falanki da rigar roba, yana kuma koyarwa. A nan na ga amfanin kayan da na shekara ina ɗauka a kafaɗa. Mutum zai kwanta rub da ciki a kan falanki, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya wuce inda ruwa ke fashewa, ya zauna yana jira. Idan igiyar ruwa ta taso sai ya juya ya bi ta, ya yi wuf ya miƙe tsaye, ta ɗauko shi a guje har kusa da gaɓa. Sai ya faɗi, ya koma. Ba kifi, ba fito, ba a kai kowa ko'ina. Suna ce wa abin safin. Na tambayi Alhaji me suke samu a ciki, ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Bayan mun sauke kaya Alhaji da Dave suka koma gefe suka daɗe suna magana. Da Alhaji ya dawo sai ya ce makarantu sun yi hutun sati ɗaya, mutane za su cika wurin, yaron shagon Dave ya tafi, saboda haka zan tsaya in taimaka masa kwana biyu. Shi zai je ya dawo Litinin da safe ya ɗauke ni. Ya karɓi katina ya ce kada ya jiƙe. Na ba shi.

Aikina wankin riguna ne. Duk wanda ya fito daga ruwa zai tuɓe rigar robar ya jefa a wani babban baho, ni in tsoma, in murza, in juya ta, in rataye. Da yawansu a cikin rigar suke fitsari don su ji ɗumi, Dave ne ya gaya mini yana dariya. Ruwan bahon sanyinsa har cikin ƙashi. Idan na gama sai in kankare tsohon kakin da ake gogawa a bayan falanki don ƙafa ta kama, in duba igiyar da ake ɗaure wa a idon sawu don kada falankin ya gudu. A wata tsohuwar motar kwana da ke bayan shagon nake barci.

Dave ba mugu ba ne a magana. Idan kasuwa ta lafa yakan zana mini gaɓar a kan yashi da yatsa. Ga lungun cikin gari kusa da inda jirage ke tsayawa, ruwansa mai ladabi ne, na yara da 'yan koyo. Ga na arewa mai katanga, inda ruwa ke dukan bango ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa. Ga wannan namu, inda gwanaye ke zuwa idan iska ta taso daga tudu. Ya ce sai sanyi ya shigo ruwan ke yin kyau, kuma a lokacin masu tsaron gaɓa sun riga sun tattara sun tafi sai baɗi. Ni kuma na zana masa gora, na nuna masa yadda muke kifa ciki a kansa mu shiga tsakiyar kogi da homa, ragarmu ta kamun kifi, a hannu. Ya ce ashe ni ma ɗan safin ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tekun ke janyewa sau biyu a yini ya bar fili kamar gona, sannan ya dawo ya cinye. Kogi wata shida yake ɗauka kafin ya yi haka.

Litinin ta zo Alhaji bai zo ba. Dave ya ara mini waya. Alhaji ya ce mota ta lalace, in yi haƙuri, gobe. Talata ƙarfe goma ina tsaye a kan baho, na san Malama tana kiran suna. Na ce ɗaya ke nan. Laraba bai ɗauki waya ba. Na yi tunanin in nemi tashar jirgin ƙasa, amma ba kati, ban san jirgin da zan shiga ba, allon tashar kuma rubutunsa gudu yake yi. Alhamis ta wuce, biyu ke nan. Ranar Juma'a na same shi. Na ce Alhaji, saura ɗaya, don girman Allah. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya a makaranta, ya san darajar ilimi, Litinin da sassafe yana nan, in ya saɓa in daina gaishe shi. Na yarda, don ba ni da abin yi sai yarda.

Lahadi ruwan ya girma. Tun daga kan tudu ana jin rugugi. Dave bai ba 'yan koyo haya ba, gwanaye ne kawai suka shiga. Da hantsi ya aike ni ƙasa in ɗauko wasu falankai biyu da aka bari a kan yashi. Ina sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi da ya ara mini, da takalmin roba mai tsawo.

Ina sunkuye sai na ɗago na ga wata mace ta miƙe a kan wata igiyar ruwa da ta fi ta tsawo. Ta ɗan yi gudu, sai ruwan ya naɗo ya rufe ta. Kumfa ta baje. Falankin ya taso shi kaɗai, ya tsaya a tsaye da hancinsa sama, yana rawa, wani abu yana jan gindinsa ƙasa. Ita ba ta taso ba. Wata igiyar ta sake faɗowa a kansa.

A wurinmu idan gora ya taso shi kaɗai, mai shi yana ƙasa. Ba a tambaya, ba a kiran kowa, ba a tsayawa tuɓe riga. Wanda ya fara gani shi ke faɗawa. Mahaifina da duka ya koya mana wannan, kuma masuncin da ya tsaya kallo ba ya sake ɗaga kai a garin. Na san da igiyar ƙafa, ni nake wanke ta kullum. Amma na taɓa ciro mutum da igiyar taru naɗe a ƙafarsa, bai rayu ba. Abin da idona ya gani ke nan. Ban san cewa su wannan faɗuwar a wurinsu abin kullum ba ne, suna riƙe numfashi su jira ruwan ya sake su, su bi igiyar ƙafar su hau.

Na shiga da gudu. Sanyin ya doke ni a ƙirji kamar an maka mini taɓarya, numfashina ya tsaya. Takalman suka cika, rigar ta sha ruwa ta zama kamar na goya mutum. Na yi iyo irin namu, kai a sama, ido a kan inda za ni. Igiyar ruwa ta farko ta zo na yi ƙoƙarin hawa ta yadda ake hawa ruwan da jirgi mai inji ya tayar. Ta ɗaga ni ta juya ni ta buga da ƙasa. Su nutsewa suke yi ta ƙarƙashinta, na sha gani daga kan tudu, amma jikina bai san wannan ba. Na taso na buɗe baki, ta biyu ta cika mini shi da gishiri. Sai na ji ruwa yana ja na waje. Wannan na san shi, ba a yin gaba da gaba da shi, yanka shi ake yi a karkace. Na juya zan yanka, hannuwana suka ƙi. Ina ganinsu, ina ba su umarni, ba sa ji. Shekara talatin a cikin ruwa ban taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Na fara kalmar shahada.

Matar da na shiga cetowa ita ta cece ni. Tuni ta hau falankinta. Ta tuƙo ta kama ni ta wuyan riga, wani ya zo ya taimaka mata, suka kifa ni a kan falankin kamar buhun gero suka turo ni gaɓa. Ina kwance ina amai tana tsaye a kaina tana faɗa, tana nuna rigata da takalmina, tana tambaya ko hauka nake yi. Da na samu magana na nuna ta, na nuna falankin, na yi alamar nutsewa da hannu. Sai ta gane. Ta durƙusa ta kama hannuwana biyu ta cusa su a hammatarta don su yi ɗumi. Sunanta Helen, daga baya na sani. A bayanta wasu 'yan kallo sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, ina jin dariyarsu.

Dave ya kira motar asibiti, sannan ya kira Alhaji. Da ma'aikatan motar suka tambayi Dave ko ya san ni, na ji da kunnena ya ce a'a, baƙo ne mai yawon bakin teku. Rigarsa tana jikina lokacin da ya faɗi haka.

Alhaji da ya kwana tara bai samu mota ba, kafin la'asar yana asibitin. Shi ya yi magana da masu rubutu, shi ya cike komai. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, “Duk abin da suka tambaye ka, ka ɗaga kai kawai. Na gama musu bayani. Kada ka ce aiki kake yi, ka ji ko? Kai za a kora, ba ni ba.” Ruwa ya shiga huhuna, zazzaɓi ya rufe ni. Nas-nas suna kirana Abubakar, ina amsawa, domin kowane Garba Abubakar ne, sunan da aka raɗa mini ke nan ranar suna. Har na ji daɗi, na ce Alhaji ya girmama ni da sunan yanka. Talata ta wuce ina kwance da roba a hanci, uku ke nan. Alhamis ma ta wuce. Helen ta zo sau ɗaya da inabi da safar ulu. Ta ce idan bazara ta yi in dawo, za ta sa mini rigar roba ta koya mini. Na yi mata godiya. Ban koma ba.

Ranar Juma'a aka sallame ni. Alhaji ya zo da wani abokinsa. Tun daga Scarborough har Manchester hoton bidiyon nan suke kallo a waya, don an riga an watsa shi. Abokin ya juyo ya ce ashe sarautar ta kogi ce kawai, ba ta haɗa da teku ba. Alhaji ya ce a'a, mace ce ta tuɓe masa rawani. Kafin sati ya zagayo babu gidan Bahaushe a Manchester da ba a kalla ba. A masallaci wani da ban taɓa magana da shi ba ya tambaye ni ko zan buɗe makarantar koyon iyo.

Duk wannan bai dame ni kamar kujerar ba. Bitrus ya riga ya je wurin Malama Joyce ya gaya mata ina asibiti. Ta ce ta riƙe mini wurin, in zo Talata da takardar sallama, ita kaɗai ake bukata. Na roƙi Alhaji takardar. Ya laluba aljihun mota ya miƙo mini ita tare da katina, ko kallona bai yi ba.

Talata na shiga bas mai bi ta Wilmslow Road, na hau sama na zauna. Na ciro takardar don in ga ko zan gane wani abu, yadda Malama ta ce mu riƙa yi da duk rubutun da ya zo hannunmu. Na sa yatsa a layin farko. Abubakar, na haɗa shi a hankali, ya fito. Na matsa gaba ina neman Sani. Harafin farko ba nasa ba ne. Na sake farawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lawal. Na ciro katina na ɗora a kai. Shekarar haihuwa ma ba tawa ba ce, mai takardar ya fi ni ƙuruciya da shekara tara. Abubakar Lawal ƙanen Alhaji ne, wanda ya koma gida tun kafin in zo, sunansa kuma yana nan a rajistar GP, wato likitan unguwa. Wannan ita ce takarda ta farko da na karanta da kaina ba wanda ya taimake ni. Har bas ya wuce inda zan sauka.

Duk da haka na je. Malama ta fito da ni bakin matakala, ta karɓi takardar, ta duba, ta dubi katin. Ta tambaye ni ko na san abin da ke ciki. Na ce na karanta a bas.  Sannan ta yi mini bayani a hankali, da ƙananan kalmomi. Idan ta kai wannan ofis, za su ce takardar wani ce. Idan na ce ni ne aka kwantar da sunan wani, za a tambayi dalili, za a tambayi abin da ya kai ni can kwana tara, maganar kuma za ta iya kaiwa ga masu duba zamana. Ta ce ni zan zaɓa, amma in da ɗan'uwanta ne ba za ta bar shi ya kai ba. Ta ninke takardar ta sa mini a aljihu da hannunta.

“Ban ga komai ba, Mista Sani,” in ji ta. “Ka yi haƙuri.”

Ta ce za ta mayar da sunana cikin masu jira. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba na hango taga da kujerar. Ba kowa a kai tukuna. Ranar Alhamis aka ba wani. A ƙarshen shekarar kansil ta janye kuɗin, aka rufe ajin gaba ɗaya, masu jira da masu zama duk aka watse. Shekara shida na yi kafin in sake zama a gaban malami.

Daga Rusholme sito na wuce. Alhaji yana ofis yana shan shayi. Na ajiye takardar a gabansa na ce ranka ya daɗe, wannan sunan Abubakar ɗinka ne, ba nawa ba. Ya ce to da fa, so nake ya ba su sunana su zo su rufe masa sito? Ai rufa mini asiri ya yi, kamata ya yi in gode. Na ce an karɓe kujerar. Ya kurɓi shayi, sannan ya ɗago.

“Wa ya karanta maka? Wannan Kiristan naka?”

“Ni na karanta, Alhaji.”

Ya kalle ni daga sama har ƙasa, sai ya yi dariya har da buga tebur.

“To alhamdu lillahi, ashe ka iya. Makarantar me kuma kake wa kuka? Da ma Talata da Alhamis kwantena ke shigowa, ina neman hannu.”

Ranar Alhamis ƙarfe goma ina cikin kwantena ina sauke kwalayen laima, ƙirjina yana ƙara idan na ja numfashi. A jikin kowane kwali akwai rubutu da jan fenti, kalma uku. Ta farko na iya. Ta biyu na iya. Ta ukun tana da irin haɗin haruffan da Malama ta ce sai sati mai zuwa za mu kai gare su.